Farautar akwati a dajin Algonkwin: mu ɓoye namu ko mu haƙura?

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka saba shiga daji a nan lardin Ontariyo na Kanada ce. Mu huɗu muke shirin zuwa gandun dajin Algonkwin ƙarshen Satumba, lokacin da ganye ke yin ja. Hanyar Highland za mu bi, ƙaramin zagayen nan mai kilomita 19, mu kwana a bakin tafkin Provoking. To Auta ya kamu da wasan jiyokashin (geocaching), wato farautar akwati, ya dage sai mun ɓoye akwati namu na kanmu a can ciki, da sunan wannan zauren a jikin murfin. Yana yiwuwa? Ko akwai dokar da ta hana?

Hajiya ta Misisaga: Wa alaikumus salam. Kafin a je ga doka, a fara gaya mana mene ne shi wannan abin. Akwatin me za ku ɓoye a daji?

Auta: Hajiya, wasa ne mai daɗi wallahi. Wani zai samu ɗan akwati da ruwa ba ya shiga, ya sa ƙaramin littafi da fensir a ciki, ya ɓoye shi a ƙarƙashin dutse ko cikin kogon itace. Sai ya ɗora lambobin wurin a shafin Geocaching.com. Ke kuma ki bi lambobin da wayarki har ki gano shi, ki rubuta suna da kwanan wata, ki mayar yadda kika same shi. Wani lokaci akwai 'yan tarkace a ciki, maɓallin riga, ƙaramar motar wasan yara, kwabon wata ƙasa. In kin ɗauki ɗaya sai ki ajiye wani a madadinsa.

Hajiya ta Misisaga: Shi ke nan? Babu kuɗi a ciki?

Auta: Ko sisi.

Baban Ummi: Ikon Allah. Wato mutum ya bar ɗakinsa mai ɗumi, ya sha mai, ya yi tuƙin awa uku da wani abu, ya saɓa jaka kamar ɗan dako, duk don ya je ya rubuta sunansa a littafin da babu mai karantawa. Ku 'yan makaranta hutu ne ya yi muku yawa.

Injiniya: Baban Ummi, mutanen da suke wannan wasa sun wuce tunaninka. Akwatunan da ke ɓoye a duniya yanzu sun haura miliyan 3, a ƙasashe fiye da 190. Asalinsa ma abin sha'awa ne. Kafin shekarar 2000 sojojin Amurka da gangan suke gurɓata saƙon taurarin GPS da farar hula ke samu, na'urarka tana iya kuskure da kusan mita 100. A farkon Mayun 2000 gwamnatin Bill Clinton ta cire wannan takunkumi, kuskuren ya dawo 'yan mitoci. Ranar 3 ga Mayu wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ce bari ya gwada. Ya ɗauki baƙin bokiti ya ajiye a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya zuba littafin sa hannu da fensir da kaset-kaset da gwafar harbin tsuntsu da gwangwanin wake, ya sa lambobin wurin a intanet. Cikin kwana uku aka same shi. Zuwa Satumban shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin da Auta yake magana, da akwati 75 kacal. Na farko a Kanada kuwa a Nova Scotia aka ajiye shi, a watan Yunin 2000.

Baban Ummi: To ai gara shi, ya sa wake. Naku ko wake babu.

Malam na Otawa: Wannan gwangwanin waken da a cikin Algonkwin ya kai shi da tara zai biya. An hana shiga cikin dajin da abincin gwangwani da kwalba, tun shekarun 1970. Ɗan Zariya, ku riƙe wannan tun yanzu, kada wani ya cusa sadin ko tumatirin gwangwani a jaka.

Game da tambayarka, ni shawarata a taƙaice ita ce: ku nemi na wasu in akwai a bakin hanya, amma kada ku ɓoye naku. Zan faɗi dalili.

Na ɗaya, ba filin kowa da kowa ba ne. Gandu ne na lardi, mafi tsufa a Kanada, tun 1893 aka kafa shi, kuma yana da hukumar da ke kula da shi. Dokar gandayen dajin Ontariyo ta 2006 ta sa kiyaye lafiyar dajin a gaba da komai, shaƙatawarmu tana baya. Ba ka ajiye kaya ka tafi ka bar su ba tare da izinin shugaban gandun ba. Shi kansa shafin wasan haka ƙa'idarsa take: sai da yardar mai wuri. Akwai masu tantancewa, 'yan sa kai ne, su ke duba kowane sabon akwati kafin ya fito a taswira. Za su tambaye ka izini, za su duba ko akwai wani akwatin a ƙasa da mita 161 daga naka, kuma ba a yarda a haƙa rami a binne ba.

Amma babban dalilin shi ne kulawa. Wanda ya ɓoye akwati shi ne mai nauyinsa. Littafi ya cika, kai za ka canza. Ruwa ya shiga, kai za ka je. Yanzu Auta yana garin Watalu (Waterloo), tuƙin kusan awa huɗu, sannan ya taka a ƙafa awanni kafin ya isa wurin. Daga Disamba zuwa Afrilu ƙanƙara ta rufe komai. Roba in ta sha wannan sanyin tsagewa take yi. Na taɓa buɗe irin wannan a wani daji da ba wannan ba: murfin ya fashe, littafin ya zama kunu, fensir ya yi funfuna, tururuwa sun yi gida a ciki. Mai shi ya gama karatu ya bar gari. Wannan ba akwati ba ne kuma, shara ce mai lamba.

Auta: Malam, ni fa ba zan yi watsi da shi ba. Duk shekara zan je.

Malam na Otawa: Allah ya sa, ƙanena. Saura shekara nawa ka gama digirinka?

Auta: Ɗaya da rabi.

Baban Ummi: An zo wurin.

Ɗan Maraɗi: Ku yi haƙuri in shigo, ni ban yarda da Malam ba gaba ɗaya. Maganar kulawa gaskiya ce, na karɓa. Amma wannan batu na lafiyar daji da ake ta ɗaga mana yana ba ni dariya. Algonkwin fa shi kaɗai ne gandun lardi a Ontariyo da har yau ake saran itace na kasuwa a cikinsa. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar gandun yana cikin yankin da aka yarda a sara. Akwai hukuma sukutum ta wannan aiki tun 1974, akwai hanyoyin manyan motoci a ciki. Sai a ce ɗan akwatin da bai kai kwanon sha ba shi zai ɓata daji? A bar giwa tana ɓarna a kama ɓera.

Injiniya: Gaskiya Ɗan Maraɗi ya taɓo inda ke ciwo. Su kansu 'yan ƙasar sun daɗe suna wannan rigima, masu kare muhalli suna neman a daina saran baki ɗaya, garuruwan da ke kewaye kuma suna cewa abincinsu ke nan.

Malam na Otawa: Ban musa ba, kuma da ni za a tambaya da an rage saran. Amma ɓarnar akwati ba a jikin akwatin take ba, a ƙafar masu nemansa take. Injiniya, faɗa musu yadda waya ke yi a ƙarƙashin bishiyoyi.

Injiniya: To. A fili, sama a buɗe, waya tana iya kai ka kusan mita 5 daga wurin. Da ka shiga ƙarƙashin manyan bishiyoyi, ko gindin dutse, saƙon yana raunana yana kuma karo da abubuwa kafin ya iso. Sai ka ga kibiyar tana rawa, yanzu ta ce saura mita 8 gabas, ka taka biyu ta ce mita 15 yamma. Sannan wanda ya ɓoye akwatin shi ma da nasa kuskuren ya ɗauki lambar. Haɗa biyun ka gani.

Malam na Otawa: Madalla. Wato ba wuri ɗaya mutum zai tsaya ba, fili guda zai tattake. Ya ɗaga wannan dutse, ya juya wancan ruɓaɓɓen icce, ya yaye gansakuka, ya karya ƙananan tsiro. Ƙasar can ba ta da kauri, ɗan siririn ƙasa ne a kan dutse, abin da ka kankare da takalmi cikin minti ɗaya sai ya yi shekaru bai dawo ba. Mutum ɗaya ba komai. In mutum 50 suka bi sawu ɗaya, sai ka ga wata sabuwar 'yar hanya ta fito daga babbar hanya zuwa gindin bishiyar. Su masu wasan sun san wannan, har dariya suke yi cewa ba sai ka duba waya ba, bi sawun kawai. Ga kuma wanda bai san komai ba, ya zo da yamma a gajiye, ya ɗauka ita ce hanyar, ya bi ta.

Ɗan Maraɗi: Duk da haka bai kai motar katako ɗaya ba.

Malam na Otawa: Bai kai ba. Amma motar ba tawa ba ce, ƙafar tawa ce.

Ɗan Maraɗi: Wannan wa'azi ne Malam, ba hujja ba. Ni abin da nake cewa, in aka sa akwati a taku biyu daga hanya, a wurin da dama mutane ke tsayawa su huta, da izini, babu abin da zai lalace. Gandayen tarayya ai haka suka yi. Sun dakatar da wasan a 2005, suka zauna da masu yinsa, a 2007 suka fito da tsari: a samu izini, akwati ya kasance inda za a kai gare shi daga hanya, kada a sa kayan musaya, sai dai bayani a kan wurin. Ba su ce a daina ba.

Malam na Otawa: To ai mun haɗu ke nan. Ka ce da izini, ka ce a bakin hanya. Abin da Auta ya zo da shi daban ne, shi so yake ya kutsa inda babu kowa.

Auta: Ai daɗin ke nan Malam. Akwatunan suna da taurari, ɗaya zuwa biyar na wahalar ganowa, ɗaya zuwa biyar na wahalar hanya. Na cikin gari duk ɗaya da rabi ne, a jikin allon hanya ko bayan kanti. Ni mai huɗu nake so in yi.

Anti Nas: Auta, bari in shigo da nawa tunda ni ake kawo wa irinku. Duk wanda zai sauka daga hanya ya shiga ciyawa ya san da kaska. Mai baƙaƙen ƙafafu ita ke ɗauke da cutar Lyme, kuma tana ta yaɗuwa a Ontariyo, ba ta tafi hutu don Satumba ta zo ba. Dogon wando, a cusa ƙafarsa cikin safa, da dare kowa ya duba jikinsa, hammata, bayan gwiwa, gindin gashi. In an same ta a cire da ɗan hantsaki a hankali, a miƙe, kada a murɗa, kada a ƙona ta da ashana. Kuma a fatarmu jan zoben da ake cewa cutar tana fitarwa a wurin cizon ba lallai ya fito ja ba, yana iya zama duhu kamar tabo. Zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi bayan an dawo, a je asibiti a ce an shiga daji.

Hajiya ta Misisaga: Ni ba kaska ce damuwata ba. Yaro ya zura hannu a kogon itace? Ba macizai?

Anti Nas: Akwai macizai amma babu mai dafi a Algonkwin, Hajiya. Mai dafin da ke Ontariyo yana can wajen gaɓar Georgian Bay. Duk da haka a sa safar hannu, ko a fara taɓawa da sanda, akwai rina.

Hajiya ta Misisaga: Ko ba dafi ni dai ba zan zura ba. Beyar fa?

Malam na Otawa: Akwai baƙar beyar, kuma yawanci gudun mutum take yi. Hari ba kasafai ba ne, amma ya taɓa faruwa, a 1991 ta kashe mutum biyu a wani tsibiri a tafkin Opeongo. Shi ya sa ake rataye abinci a bishiya nesa da tanti, har da man goge baki da sabulu. Shi ya sa kuma aka hana sa abinci ko wani abu mai ƙamshi a akwatin wasan. Ɗan Zariya, in Hajiya ta yi muku dambun nama, kada wanda ya kwana da shi a aljihu.

Hajiya ta Misisaga: Wa ya ce zan yi? Amma zan yi.

Baban Ummi: Bari in bar wasa in faɗi abin da ke raina tun ɗazu. Ku dubi kanku. Samari huɗu baƙaƙe, biyu da gemu, suna laluben ƙarƙashin gada ko gindin bishiya, suna ciro akwatin ƙarfe su mayar su waiwaya. An ce min ma wasu tsofaffin akwatunan harsashi na soja suke amfani da su. Baturiya ta hango ku daga mota, me kuke zato za ta yi?

Injiniya: Wannan ba zolaya ba ce. A 2011 a garin Wetherby na Ingila an rufe tsakiyar gari, masu kwance bam suka zo suka tarwatsa wani ɗan akwati, ashe na wannan wasan ne. Wani ne ya ga mutum ya ajiye abu ya tafi ya kira 'yan sanda. An sha yin irin haka a Amurka da Kanada. Shi ya sa ake so akwati ya zama roba mai nuna ciki, a rubuta abin da yake a jikinsa ɓaro-ɓaro.

Auta: Shi ya sa ma na fi son daji Baba. A can babu mai kallonka.

Baban Ummi: A can kuma babu mai jin ihunka.

Ɗan Zariya: To ni wannan ce ta fi tsaya min. Ni ne babba a tafiyar, ni za a tambaya. Injiniya, in babu sabis wayar tana aiki?

Injiniya: GPS ba ya buƙatar sabis, kai tsaye yake ji daga taurarin ɗan'adam. Taswirar ce ke buƙata, don haka ku sauke ta da bayanan akwatunan tun kuna gida. A gefen babbar hanya ta 60, wadda ta ratsa kudancin gandun tsawon kilomita 56, ana samun sabis nan da can. Da kun nutsa ciki ku ɗauka babu. Ku sa waya a yanayin jirgi, ku riƙe fawa bank, da dare ku kwana da su cikin jakar barci, don ƙarshen Satumba sanyi yana iya kaiwa sifiri kuma yana shanye batir. Wayar da za a yi farauta da ita daban, wadda za a ajiye don larura daban. iPhone 14 zuwa sama tana iya aika saƙon neman agaji ta tauraro a Kanada, amma tana son sama a buɗe. Ku sayi taswirar takarda a ƙofar shiga, ku riƙe kamfas. A yankin allurar tana karkata yamma da fiye da digiri 10 daga arewa ta gaskiya, ku lissafa da shi, har wajen neman alƙibla, wadda take arewa maso gabas.

Kuma ku tuna girman wurin. Ya haura murabba'in kilomita 7,600, ya ninka Yankari sau uku da ɗoriya, tafkuna fiye da 2,400. In ka bar hanya da mita 200 a cikin wannan kurmin, ko'ina ka juya iri ɗaya ne.

Malam na Otawa: Ga kuma lokaci. Da jaka mai nauyi a hanyar Highland, hawa da sauka da saiwoyi da taɓo, ba gudu ake yi ba. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 7. Akwati ɗaya da ya ƙi ganuwa yana cin minti 40 ba ka sani ba, don zuciya ba ta yarda a tafi a bar shi. Biyu irin wannan, sai ku kafa tanti da tocila a baki. Ku yanka wa kanku ƙa'ida tun a mota: minti 10, in ba a gani ba a wuce. Kuma ba wanda zai sauka shi kaɗai.

Ɗan Maraɗi: Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Auta, ga wata mafita in sunanka kake so ya fito a taswira. Akwai nau'in da babu akwati sam, EarthCache, tun 2004 ake yinsa tare da ƙungiyar masana duwatsu ta Amurka. Lambobin za su kai mutum wani dutse ko kwazazzabo, ya karanta bayanin yadda ya samu, ya amsa tambayoyi daga abin da ya gani da idonsa. Algonkwin ai wurinsa ne, duwatsun sun haura shekara biliyan 1, ga sawun da ƙanƙarar zamanin da ta bari a jikinsu. Shi ma sai da izini, amma babu abin da zai ruɓe in ka koma gida.

Auta: Wannan ai jarrabawa ce ba farauta ba. Daɗin abin shi ne ka ji hannunka ya taɓa roba a inda ba ka zata ba.

Baban Ummi: Zo gidana ka nemo min rimot ɗin talabijin, sati biyu ke nan. Tauraro biyar ne.

Anti Nas: Auta, ka ɓoye naka a Watalu mana, inda za ka iya zuwa da keke, in ka tashi tafiya ka miƙa wa wani. A shafin ana iya mayar da akwati hannun wani mai kula.

Auta: Zan duba. Amma zan rubuta wa ofishin gandun in tambaya, in sun ce a'a shi ke nan.

Malam na Otawa: Haka ya dace. In sun amsa ka kawo mana nan mu gani. Ɗan Zariya, kun kama wurin kwana kuwa? Ana buɗe rajista wata biyar kafin ranar, kuma lokacin jan ganye tafkin Provoking cika yake yi.

Ɗan Zariya: Mun kama tun watan Mayu, daren Asabar. Izinin mutum huɗu ne amma wurin yana ɗaukar har tara, kuma akwai kujera ɗaya a mota.

Ɗan Maraɗi: Ni daga Gatino zan taso ta ƙofar gabas, ta Whitney, mu haɗu a bakin hanyar kusa da tafkin Mew. A ƙara sunana. Ina da matatar ruwa da igiyar rataye abinci. Malam, maganar katako ba mu gama ba.

Malam na Otawa: Buɗe mata wani zaren, zan zo.

Hajiya ta Misisaga: Wanda zai karɓi dambun ya biyo ranar Juma'a bayan la'asar. A leda zan sa, tunda an ce ba a shiga da kwalba. Kuma ku bar wa Baban Ummi sunan hanyar da lokacin da za ku fito, in Lahadi ta yi magariba bai ji ku ba ya kira.

Baban Ummi: Wato ni da na ce kada a je, ni aka ba gadi. To, a turo.